Gashin da maganin daji ya zubar yana komowa

Yau za mu yi magana bisa wani abu da ake ɗauka ƙarami, alhali kuwa yana sa mutane barin magani a tsakiyar hanya. Abin nan shi ne zubar gashin kai ga masu ciwon daji, wanda waɗansu ke ce ma sankara, likitoci kuma su ce kansa.

Ga yadda abin yakan kasance. Mace ta ji ƙullutu a nono, ta yi watanni tana ɓoyo, daga baya aka sayar da awaki da ƴan dammunan hatsi aka haɗa mata kuɗin mota. Daga Maraɗi zuwa Yamai tafiyar ta fi kilomita 600, daga Damagaram kuwa ta kusa 900. An duba ta, an tabbatar da ciwon, an sa mata ƙarin ruwan magani na farko, an ce ta komo bayan kwana 21. Cikin sati na biyu ko na uku sai fatar kanta ta soma zafi-zafi, kamar wadda aka yi ma kitso mai tsauri. Ta kai mataji, gashi ya biyo shi. Kafin a yi kwanaki kaɗan ya zube a tafin hannu, bisa matashin kai, cikin kwanon wanka. In ba wanda ya faɗa mata tun farko cewa haka za a yi, me kuke so ta ce? Cewa za ta yi magani ya ƙi jininta, ko ciwon ya hau kai, ko an yi mata sammu. Dangi su taru su ce a maida ta gida. Ranar komawa asibiti ta zo ta wuce, ba a gan ta ba.

Ra'ayinmu a nan shi ne, zubar gashi ba ta kashe kowa. Abin da ke kashewa barin magani ne, kuma abin da ke kawo barin magani sau da yawa shi ne rashin bayani daga masu sani da yawan magana daga marasa sani.

Bari mu fara da dalilin zubar. Jikin ɗan Adam an gina shi da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani, suna rabuwa suna hayayyafa domin su maye gurbin waɗanda suka mutu. Ciwon daji shi ne waɗansu daga cikin ƙwayoyin nan su ƙi bin ƙa'ida, su yi ta hayayyafa ba tsayawa. Maganin da likitoci ke kira shimiyoterapi, wanda a asibiti ake taƙaitawa a ce shimiyo, an yi shi ne domin ya bi jini ya farauci ƙwayoyi masu saurin rabuwa. To, amma ba na daji ne kaɗai masu saurin rabuwa ba. Akwai na cikin ɓargo masu ƙera jini, akwai na fatar cikin baki da hanji, akwai kuma na saiwar gashi, waɗanda suna cikin mafiya gaggawa a jiki duka. A kan mutum akwai silin gashi wajen 100.000, kuma a kowane lokaci kusan tara cikin goma suna cikin tsiro. Shi ya sa in magani ya ratsa, yakan taɓa su gaba ɗaya. Silin ya yi rauni tun daga gindi, ya karye ko ya tuge. Manomi ya san irin wannan: in aka yi noman ciyawa da gaggawa, hauya kan taɓa ganyen hatsi. Saiwar tana nan cikin ƙasa da ranta, kuma haka saiwar gashi take zama cikin fata har magani ya wuce.

Ba kowane maganin daji ke zubar da gashi ba. Waɗanda aka fi sani da wannan aiki su ne doksorubisin, jan maganin nan da ake sawa a jijiya, da siklofosfamid, da paklitaksel, da dosetaksel. Su ne kuwa aka fi aiki da su a kan dajin nono, wanda ya fi kowane daji yawa ga matan ƙasarmu. Akwai waɗansu magungunan da ba su yin komi ga gashi sai dai ya ɗan rage kauri, kamar ƙwayar tamoksifen da ake sha shekaru bayan aiki. Gashin wuta na na'ura, wato radiyoterapi, shi kuma ba ya zubar da gashi sai a daidai wurin da aka haska. Wadda aka haska ma ƙirji, gashin kanta ba ruwansa. Saboda haka in kun ga majinyata biyu a ɗaki guda, ɗaya kanta ƙwal, ɗaya da kitsonta, kada ku ce ta farko ta fi kusa da kabari, kada kuma ku ce maganin ta biyu ba ya aiki. Magungunansu ne suka bambanta.

(Masu cewa maganin asibiti ba shi da alaƙa da itace, su sani paklitaksel daga ɓawon wani itace na Amurka aka fara samo shi, dosetaksel kuwa masana a Faransa suka haɗa shi daga ganyen ɗan uwan itacen nan. Binkristin, da ake ba yara, daga wani fure na tsibirin Madagaskar ya fito. Bambancinsu da jiƙon da ake saya a kasuwa shi ne awo: likita na auna tsawon majinyaci da nauyinsa kafin ya san yawan da zai sa.)

Akwai kuma waɗansu alamomi masu tafiya tare da zubar gashi, masu tsoratar da wanda bai sani ba. Jan maganin nan kan sa fitsari ya yi ja kwana ɗaya ko biyu, ba jini ba ne. Farce kan yi baƙi, tafin hannu da harshe su yi duhu. Gira da gashin ido da na hammata da na cikin hanci duk suna iya tafiya. Dukansu aikin magani ne. Ba kuturta ba ce, ba ƙanjamau ba ne, ba makero ba ne irin na kan yara. Ba a ɗauka ta hanyar cin abinci a kwano guda, ko kwana a tabarma guda, ko aron kallabi. Daji kansa ba a ɗaukarsa daga majinyaci, balle zubar gashin maganinsa.

Wani zai ce: mutum na fama da ciwon da zai iya kai shi lahira, ina shi ina damuwa da gashi? Mai faɗin haka galibi namiji ne, kuma lafiyarsa ƙalau. Mu a nan ƙasar, a fili dai, mace tana da sutura wadda matan waɗansu ƙasashe ba su da ita. Kallabi da mayafi da hijabi sun rufe komi, tana iya ratsa kasuwar Tawa tun daga wannan baki zuwa wancan ba wanda ya san halin da take ciki. Amma wahalar a cikin gida take. Kitso ba ado ne kaɗai ba. Ranar kitso ranar hira ce, mace ta kwantar da kai bisa cinyar makitsiya, ana jin labarin unguwa. Ana kitson salla, ana kitson biki, ana kitson suna, amarya kuma ba a kai ta ɗaki da tsohon kitso. Wadda gashinta ya zube an fitar da ita daga wannan duka ba tare da kowa ya kore ta ba. Sai ta riƙa kwana da kallabi cikin zafin bazara don kada miji ya gani. Sai ta riƙa jiran kowa ya yi barci kafin ta wanke kai. In a gidan akwai abokiyar zama, ko da mai kirki ce, zuciya ba ta rasa saƙe-saƙe. In kuwa an riga an cire mata nono, to ga rashi bisa rashi. Wanda ya raina wannan baƙin ciki bai san mutane ba.

Abin da ya fi muni shi ne zargi. Da yake a al'adarmu an daɗe ana jin cewa da gashin mutum ake yi masa asiri, da zarar gashi ya zube sai a fara neman wanda ya yi. A ce kishiya ce, a ce uwar miji ce, a ce makitsiya ce ta tsinci sili ta kai ma boka. Zumuncin shekara ashirin ya lalace a kan abin da aka rubuta ƙarara cikin takardar da ke cikin kwalin magani. Kuɗin da ya kamata a ajiye na motar komawa Yamai ya tafi wajen karya sammun da babu shi.

Alhali kwanakin nan 21 ba da ka aka yanke su ba. An lissafa su ne domin jini ya samu ya farfaɗo, ciwon kuwa kada ya samu ya farfaɗo. A dajin nono galibi akan yi zagaye 6 ko 8. Wadda ta karɓi biyu ta tsaya, ta sha wahalar magani, gashi ya riga ya zube, amfanin kuwa ba ta kai gare shi ba. Bayan wata shida ko shekara a komo da ita ciwon ya fashe ko ya shiga ƙashi, lokacin da likita ba abin da zai iya sai rage zafi. Sai kuma a koma gari a ce asibiti ba ta da maganin daji, wata mai ƙullutu ta ji, ta ƙara ɓoye nata.

Nauyi na farko yana bisa ma'aikatan kiwon lafiya. Mun san suna da yawan aiki, mun san majinyata sun fi ƙarfin hannuwan da ke akwai. Duk da haka bayanin nan bai fi minti biyar ba, kuma yana cikin magani kamar yadda allura ke ciki. Kafin ɗigon farko ya shiga jijiya, a faɗa ma majinyaci da harshen da yake ji: gashinki zai zube, daga sati na biyu ko na uku, wannan alamar magani ce, kuma zai tsiro bayan an gama. A faɗa gaban wanda ya rako ta, domin shi ne zai kai labari gida, kuma sau da yawa shi ke riƙe da kuɗi da ikon cewa a ci gaba ko a tsaya. Faɗa da faransanci a tsaye, ana tafiya, ga matar da ba ta yi lakkol ba, daidai yake da ba a faɗa ba. Waɗansu ma'aikata na tsoron in sun faɗa majinyaci zai gudu tun kafin a fara. Mu a ganinmu wanda aka gaya ma gaskiya kuma ya ga ta tabbata ranar da aka ce, ya fi yarda da sauran maganar likita. Da ya ga gashi ya zube yadda aka ce, zai yarda zai komo yadda aka ce.

Nauyi na biyu na maigida ne. A wannan hali kalma guda daga bakinsa ta fi ta likita goma. Ba a ce ya yi dogon jawabi ba. Ya nuna ya gani bai razana ba, ya hana ƴan gida tsegumi, ya sayo kallabi mai laushi, ya tsare ranar komawa asibiti kamar yadda yake tsare ranar kasuwa. Wanda ya zaɓi lokacin nan ya ƙaurace ma ɗakin matarsa, ko ya maida ta gidan iyayenta da sunan jinya ya manta da ita, unguwa ta gani, ƴaƴansa ma sun gani.

Maza majinyata kuwa, ana cewa su ba su da matsala tunda aski al'adarsu ce, ga hula, ga rawani. Gaskiya ne game da kai. Amma dattijon da ya shekara talatin da gemunsa, ya wayi gari babu gemu babu gira, ba zai ji daɗin zama a majalisa ba, kuma shi ba ya da wanda zai kai ma kuka. Abokai su bar tambayar me ya same ka a gaban jama'a. Yara ma haka. Akwai wani dajin yara mai kumbura muƙamuƙi ko ciki, wanda likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, yana cikin masu saurin girma, kuma yana cikin masu jin magani in an kama shi da wuri aka kai ƙarshe. Yaron da ya koma makaranta da kai ƙwal ba gira, dariyar ƴan aji kan fi masa allura zafi. Malamin makaranta ya bar shi ya sa hula cikin aji, ya kuma yi ma sauran bayani kafin ranar da zai komo.

Yanzu ga abin da majinyaci zai iya yi da kansa. Wadda aka ce maganinta mai zubar da gashi ne, gara ta kwance kitso tun da wuri ta rage gashin da almakashi. Ganin gajeren gashi na faɗuwa ya fi sauƙi bisa ganin dogo, kuma gashin da ya tuge cikin kitso yakan dunƙule ya cuɗe, kwance shi azaba ne. A bar man miƙar da gashi, a bar rini, musamman baƙin rinin nan na kasuwa mai ƙona fata, a bar kitso mai ja da ƙarin zare. A wanke kai da ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulu marar ƙarfi, a shafa man kaɗe ko wani mai marar turare. Kallabin auduga ya fi na leda, domin fatar da ba gashi tana saurin jin rana da zufa, da dare kuma lokacin ɗari tana saurin jin sanyi. Wanda gashin hancinsa da na idonsa suka zube ya rasa matacin ƙura, sai ya rufe hanci ya sa tabarau in iskar hunturu ta taso.

Maganar aska tana son a tsaya a kanta. Daga kwana 7 zuwa 14 bayan kowane ƙarin ruwa, fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta sukan ragu ƙwarai, haka ma masu tsai da jini in an yanke. Ɗan yankan da mai lafiya ba zai kula da shi ba yana iya zama babban ciwo ga mai shan shimiyo. Saboda haka ba askar wanzami, ba reza, ba ƙaho, ba tsaga, ba shasshawa, har sai likita ya ce jini ya koma daidai. In za a yi aski, a yi da injin aski mai tsabta, kada a kai shi har fata. Wanzamai mutane ne masu daraja a garuruwanmu, kuma su ne sukan fara ganin kan da gashinsa ke zuba. In suka san wannan, su da kansu za su ce ma mutum: yau ba zan sa maka aska ba. In kuma zazzaɓi ya kai digiri 38 cikin kwanakin nan, ba a jiran gari ya waye, ba a cewa masassara ce ta sauro a sayi ƙwaya a tebur. A tafi asibiti mafi kusa, a nuna takardar magani.

Hular gashi da ake sayarwa a kasuwa, wadda take so kuma tana da hali ta sa, muddin ba a manna ta da gam ba kuma ana cire ta fata ta sha iska. Wadda ba ta so, kallabinta ya ishe ta. A Turai da Amurka akwai wata hula mai sanyaya kai da ake sawa lokacin ƙarin ruwa, sanyin ya tsuke jijiyoyin fata maganin ya rage isa ga saiwar gashi. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da irinta ta farko a 2015, kuma a gwaje-gwajen da aka buga a 2017 wajen rabin matan da suka sa ta sun tsira da yawancin gashinsu, sai dai ba ta cika tasiri ga jan maganin nan ba. Na'ura ce mai tsada, mai son lantarki marar yankewa. Ba mu ga ya kamata mu fara daga nan ba, a ƙasar da babbar damuwa ita ce maganin kansa ya samu a kan kari. Masu yawo da kwalabe suna cewa suna da man da ke hana zubar gashin shimiyo kuwa, kuɗinku suke so.

Komowar gashi ba ta daɗewa. Sati 3 zuwa 6 bayan zagaye na ƙarshe sai a ga wani laushin gashi kamar na jinjiri. Gashi na tsiro wajen santimita ɗaya a wata, don haka cikin wata 3 zuwa 6 kai ya rufe, kafin shekara ta zagayo galibi an kai ga ɗan kitso. Na farkon yakan zo da wata kama, ya fi laushi, ko ya zo da furfura, daga baya ya daidaita. A ba shi lokaci kafin a kai masa rini ko man miƙarwa. Ba za mu ɓoye ba, akwai ƴan kaɗan, musamman cikin waɗanda suka karɓi dosetaksel, da gashinsu ba ya komowa da kaurinsa na da, haka ma wanda aka haska ma kai da ƙarfi. Wanda ya ga wata shida ta wuce ba tsiro, ya faɗa ma likitansa, akwai abin shafawa da akan gwada.

Saura magabata. A 2007 gwamnati ta sa hannu bisa dokar da ta ce a yi ma mata maganin dajin nono da na mahaifa kyauta a asibitocin ƙasa. A 2021 aka buɗe sashen radiyoterapi na farko a ƙasar, a Cibiyar Ƙasa ta Yaƙi da Ciwon Daji da ke Yamai, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya, bayan shekaru ana kai masu hali ƙasashen waje, marasa hali kuwa su zauna. An kashe dukiya mai yawa a kan waɗannan. Kowane majinyacin da ya gudu bayan zagaye na biyu, asara ce a kan wannan dukiya, ban da asarar rai. Abin da muke roƙo ba ya cin kuɗi sosai. A buga ƴar takarda mai shafi guda da Hausa, da Zabarmanci, da Fillanci, da Tamajak, da Barbarci, da boko da ajami, mai bayyana abin da zai faru ga gashi da farce da fitsari, da ranar da ba a sa aska, da zazzaɓin da ba a jira. A ba kowane majinyaci ya tafi da ita gida. A watan Oktoba, da ake gangamin dajin nono, Muryar Sahel da gidajen rediyon karkara su ƙara wannan a kan kiran da suke yi na zuwa awo, domin kiran mace ta zo awo ba tare da shirya ta ga abin da ke biyo baya ba rabin aiki ne. A kuma nemi matan da suka gama magani, waɗanda suka yarda da kansu, su riƙa zama da sababbin zuwa a ɗakin jira. Wadda ta ɗaga kallabi ta nuna sabon kitsonta ta gama bayanin da ma'aikaci zai yi awa guda yana yi.

Ku kuma da kuka yi yaƙi da jahilci kuka iya karatu, in a garinku akwai wanda ke zuwa Yamai ƙarin ruwa, ku karanta ma mutanen gidansa wannan shafi, ku duba masu takardar asibiti ku ga ranar da aka rubuta ta komawa, ku tuna masu tun ana saura kwana uku domin a nemi kuɗin mota.